Zauna Mu Gan Ki

Tidjani ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma ni na goye shi har bayana ya ƙage, don haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa: mutumin nan bai san inda ake yin tambaya ba. Mai hankali ba ya tambayar mutanen unguwarmu ta Zongo abin da suke so, domin wallahi za su faɗa masa.

Yana da ƙungiyar kiɗan gargajiya, su biyar. Suna kiran kansu Gurmi Biyar, alhali gurmi ɗaya gare su. Sauran kalangu ne da goge da ƙwarya, sai wata gita da Karimou yake ratayawa don 'yan mata su gani. Ranakun aiki kowa yana wurin neman abincinsa. Tidjani yana wani biro, wato ofis, a unguwar Ganhi da taye a wuya, Karimou yana bisa zem, wato babur ɗin haya, yana tsoratar da bayin Allah a kan titi. Asabar da Lahadi kuwa daga suna sai biki, kuma ban ƙi in faɗa ba, sun iya. In Tidjani ya taɓa gurmin nan, har ni da na san shi tun yana majina sai in ji tsigar jikina ta tashi.

To, bana sai ya ga suna da masoya, ya rubuta a zauren WhatsApp ɗinsu: "Wace tsohuwar waƙa kuke so mu sake yi muku?"

La'ilaha illallahu! Kwana uku wayarsa ba ta huce ba. Direbobin manyan motoci suka ce waƙar da ake sa musu a tasha tun zamanin kaset. Wani tela a unguwar Jonquet ya ce lallai sai waƙar wani fim ɗin Indiya, da goge. Wata baiwar Allah daga Parakou ta aiko da muryar jikanta yana kuka, ta ce kuskure ne, amma tunda an ji, a sa masa albarka. Wani kuma ya rera wani abu na minti huɗu cikin hayaniyar kasuwa, ya ce bai san sunanta ba amma Tidjani zai gane. Har yau bai gane ba.

Ranar Laraba da yamma ya zo rumfata a kasuwar Tokpa-Hoho, inda nake sayar da atamfa. Ya zauna a kan bandir ɗin da na hana kowa zama, ya miƙo mini wayar.

"Yaya Labiba, duba nan."

Na duba. Mata ne, sun fi sittin, wasu a nan Zongo, wasu a Yamai, wata har a Faransa. Duk abu guda suke nema: waƙar lallen Luba.

Luba mahaifiyarmu ce. Lubabatu zabiya, wadda ta yi shekara talatin ba a sa amarya a lalle a Zongo sai ta tsaya a tsakiyar fili ta yi mata waƙa. Waƙar ɗaya ce, ita kaɗai take yin ta, kuma tun da Allah ya karɓi ranta shekara ashirin da huɗu da suka wuce, babu wanda ya sake jin ta. Kaset ɗaya da muke da shi ruwa ya cinye shekarar babbar ambaliya.

Na ajiye wayar a hankali. Ɗiyata Raïssa za a sa a lalle bayan sati biyar. Ba ta taɓa ganin kakarta ba, hoto ɗaya ta sani. A nan take na ji ina son waƙar nan ga ɗiyata, so irin wanda yake hana mutum cin abinci. Ban damu da mata sittin ba, Allah ya ba su haƙuri. Raïssa nake so ta ji.

"Za ka yi ta," na ce. "Kuma a lallen Raïssa za ka fara."

"Da me? Shekarata tara ta rasu. Ke me kika riƙe?"

Abin kunya, layi ɗaya na riƙe, na amshi: zauna mu gan ki, yau dai zauna mu gan ki. Sai ɗan karin sautin. Ni a lokacin nan hankalina yana wurin shinkafar biki.

Amma 'yan amshin Inna biyu suna raye, Iya Nimatou da Iya Chérifa. Su ne suke zama dama da hagunta da ƙwarya a gabansu. Gidajensu suna kallon juna a lungu ɗaya bayan masallaci, taku goma tsakani, kuma duk Zongo ta san ba sa ga maciji da juna. Tun ina amarya ba su yi wa juna ko sannu ba. In ɗaya ta fito shanya, ɗaya sai ta tuna tana da aiki a ɗaki. Babu wanda ya san dalili, mun dai saba.

Na sayi goro mai kyau, fari ƙal, na fara da Iya Nimatou. Doguwa ce, siririya, har yanzu tana soya ƙosai da safe duk da 'ya'yanta sun hana. Ta karɓi goron, ta sa mini albarka, ta tambayi kowa har da akuyar da muka yanka bara. Da na kawo maganar waƙa sai ta kama gyaran bakin zanenta.

"Ni me na sani, ɗiyata? Ki je wurin waccan. Ita ce mai sanin abin da ya kamata da abin da bai kamata ba."

Na tsallaka lungu. Iya Chérifa gajeruwa ce mai jiki, da haƙorin Makka da carbi a hannu. Ita ma ta karɓi goron, don ba a mayar da goro.

"Ni na je Makka na dawo, Labiba. Waƙa ta fita daga kaina fit. Ki tambayi mai ƙosai, ita ce mai son tsayawa a tsakiya."

Sau uku ina zuwa. Na kai turare, na kai atamfa turmi guda-guda, iri ɗaya don kada a ce na fifita wata. Na yi roƙo, na yi fushi, na ambaci sunan Inna. Da na ambace ta sai kowacce ta kawar da kai, ta ce in gaida gida. Na fito ina huci. Tsofaffi biyu, kowacce ta haura saba'in, suna zaune a kan waƙar uwata kamar kaza a kan ƙwai!

Tidjani ya ce to bari su gwada da abin da ke hannu. Suka taru a tsakar gidana ranar Lahadi, suka ɗauki layi ɗayan nan suka yi ta juya shi. Karimou ya sa masa gita. Mai kalangu ya ƙara gudu. Tidjani ya ƙirƙiro baitoci, wai amarya ta yi kyau kamar wata. Na tsaya da ludayi a hannu ina jin su, raina yana ɓaci.

"Kai, ku dakata! Wannan waƙar Inna ce ko tallar maganin basir? Wallahi da Iya Nimatou ta ji wannan ɓarnar, da ta fito da matsamin ƙosai ta bi ku."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Tidjani ma ya ji, ya dube ni, na dube shi.

"Yaya, ba kyau," ya ce, yana murmushi.

"Wa ya tambaye ka kyau? Asabar bayan la'asar. Kuma kada ku gyara komai. Karimou, ka ƙara wa gitar nan ƙarfi."

Asabar ta zo, an yi ruwa da safe, lungun duk taɓo. Muka aro benci biyu daga masallaci muka dasa su daidai tsakanin ƙofofin nan biyu. Na ce wa duk mai tambaya gidana ya yi zafi, shi ya sa suka fito shan iska. Raïssa ta biyo mu, tana rufe fuska da mayafi don kunya, tana cewa, "Mama, don Allah, mutane suna kallo."

"Su kalla, ai don su aka yi ido."

Suka fara. Jama'a, ban taɓa jin abu mai muni irin wannan ba, kuma na yi alfahari da su. Mai ƙwarya yana dukan ta kamar yana jin haushinta. Tidjani ya buɗe murya yana jan zauna mu gan ki ta inda ba a ja. Mata suka fara leƙowa ta kan katanga. Labulen ƙofar Iya Chérifa ya motsa, ya tsaya. Suka maimaita, suka sake maimaitawa.

A zagaye na huɗu ƙofar Iya Nimatou ta buɗe da ƙarfi. Ta fito ba ko takalmi, ta ratsa taɓo, ta fizge ƙwaryar daga hannun mai kiɗa.

"Ɗan nan, wa ya koya maka? Ƙwarya ake duka ko jaki? Matsa!"

Ta zauna a bencin, ta kife ƙwaryar a cinya, ta sa tafin hannu da zobe. Sautin da ya fito, ni dai sai na ji ƙamshin lalle da turaren wuta a hancina. Ta rera amshin, muryarta ta tsufa amma tana kan hanya. Ta yi layin farko, ta shiga na biyu wanda na manta da shi sam.

"Ba haka ba ne!"

Iya Chérifa ce a bakin ƙofarta, carbi yana lilo a hannu.

"Kin sauke shi da wuri. Kullum sai kin sauke shi da wuri, tun muna 'yan mata. Sama ake riƙe shi har Luba ta shigo."

"Au, ashe Makka ba ta kwashe duka ba?"

"Ba ni wuri, ni dai."

Ta tura Karimou gefe da gitarsa, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta bar fili tsakaninsu wanda mutum ɗaya zai iya zama. Ba su dubi juna ba. Iya Nimatou ta buga, suka ɗauka tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ashe amshin hawa bakwai ne, kowanne da inda yake juyawa. Tidjani ya sa gurmi a hankali yana bin su a baya, wayarsa tana kan gwiwa tana ɗauka. Matan da ke kan katanga suka ƙara miƙo wuya. Na ga wata ta sa bakin zane a ido.

Da suka kai ƙarshe Tidjani ya durƙusa a gabansu.

"Iya, Allah ya ƙara girma. Saura baitocin. Ku faɗa mini in rubuta."

Iya Nimatou ta dube shi kamar ya tambaye ta lambar jirgi.

"Waɗanne baitoci?"

"Waɗanda Inna take yi a tsakiya."

"Babu wasu baitoci, ɗan nan. Uwarka duban amarya take yi, ta faɗi abin da ta gani. Ta mai gishiri daban, ta ɗiyar liman daban. Ba ta taɓa maimaita na wata ga wata ba. Amshi ne kawai namu."

Wato abin da mata sittin suke nema, kowacce tata ce daban, kuma ta tafi da mai ita. Amma na daure, na jawo Raïssa gaba.

"To, Iya, ga amarya. Ku kun ga yadda take yi shekara talatin. Ɗayarku ta tsaya a tsakiya ranar lallenta, ta dube ta ta faɗi abin da ta gani. Abin da nake roƙo ke nan, ba na neman komai bayan shi."

Sai suka kawar da kai su biyun, kamar yadda suka yi mini sau uku. Wannan karon kam na kasa riƙe bakina.

"Wai me Raïssa ta yi muku? Me na yi muku? Ku faɗa mini yau a gaban mutane!"

"Ba za ta yiwu ba, Labiba," in ji Iya Chérifa, murya ƙasa-ƙasa.

"Don me?"

"Don ba a yi wa ɗiya kafin uwa."

Ban gane ba, na tsaya ina kallon ta. Iya Nimatou ce ta ƙarasa, idonta a kan ƙwarya.

"Da sunan uwa ake buɗe waƙar. A ce ga ɗiyar wance, wadda ta zauna muka gan ta. Daga nan ake gangarowa kan amarya. To ke ba ki zauna ba. Da me za mu buɗe? Mu yi ƙarya a cikin waƙar Luba?"

Ni da nake jin waƙar nan tun ina goye, ban taɓa lura da haka ba. Kuma gaskiya suka faɗa. Inna ta rasu saura wata biyu bikina. Aka sa ni a lalle shiru, ba kiɗa ba guɗa, na ɗauka don makoki ne, ban tambayi kowa ba. Na yi kuka ranar, amma kowa ya ɗauka kukan amarya ne.

"Na ce zan tsaya," in ji Iya Nimatou. "Na ce marainiyar Luba ba za ta shiga lalle shiru ba, ko da muryata ba ta kai ba. Wannan ta ce in na tsaya a wurin Luba ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, ba za ta amsa mini ba. Mutum ɗaya ba ya waƙa da amshi."

"Na faɗa," in ji Iya Chérifa. "Na faɗa, ban musa ba. Ba zan iya jin wata murya a wurin nan ba a lokacin, ko ta wace ce. Na ce a bari a yi arba'in biyu, a bari zuciya ta kwanta. Kafin in farga an kai yarinya ɗakinta. Shekara ashirin da huɗu, Nimatou, duk ranar da Labiba ta wuce ta ƙofata ta gaishe ni, sai in ji kamar in nutse. Kina tsammani ke kaɗai abin yake ci?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ke kin ba ni fuska?"

Ashe saboda ni ne. Duk gabar nan da muke yi wa dariya, muna cewa rigimar tsofaffi, a kaina aka yi ta, don suna ƙaunata, kowacce ta inda ta iya. Na ji kunya, na ji tausayinsu, na kuma ji haushin kaina da na yi ta kai musu atamfa ina zaginsu a zuci.

Iya Chérifa ta rataya carbinta a wuya. Ta miƙa hannu ta ɗauke ƙwaryar daga cinyar Iya Nimatou ta dawo da ita tata.

"Tashi ki tsaya," ta ce. "Ni zan amsa."

Iya Nimatou ta dube ta, karo na farko. Sannan ta dafa benci ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta juyo gare ni.

"Raïssa, shiga ɗakina ki ɗauko tabarma. Ke kuma cire takalmi."

"Ni? Haba Iya! Shekarata arba'in da huɗu, na kusa yin jika. A tsakiyar lungu, a gaban maza?"

"Maza su juya baya, hannunsu dai muke so. Tidjani, ka ji ni."

Gurmi Biyar suka juya suka fuskanci katanga kamar masu laifi, suna kiɗa a haka. Aka shimfiɗa tabarma a inda taɓo bai kai ba. Matan lungu suka sauko daga katanga suka kewaye mu, wata ta cire mayafinta ta lulluɓa mini. Na ce ni fa ina da miya a wuta. Babu wanda ya kula ni.

Iya Nimatou ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga murya:

"Ga ɗiyar Luba, wadda ta zauna muka gan ta a gidan mai goro,
Ga wadda ta goyi ƙaninta ranar da aka fita da uwarsu,
Ga mai faɗa a Tokpa, mai kuka a bayan ƙofa,
Mun makara, ɗiyata, amma mun zo."

Iya Chérifa ta riƙe amshin a sama, matan lungu duka suka ɗauka da ita. Raïssa ta durƙusa a gefena ta kama hannuna, tana amsawa da su, ita da ba ta taɓa jin waƙar ba sai yau.

Na buɗe baki in ce ya isa haka, su adana sauran don lallen yarinya. Iya Nimatou ta sa hannu a kaina ta danna ni ƙasa a hankali.

"Naki bai ƙare ba," ta ce. "Hawa bakwai ne. Zauna."

Na zauna.